Shirun Darasi na Arba'in da Takwas

'Yata ta yi mini tambaya ranar uku ga wata, ta rasu ranar ashirin da biyu ban ba ta amsa ba. Wata makaranta ce a ƙasar waje ta kira ta aikin koyarwa na shekara biyu, suka ba ta zuwa ƙarshen wata ta faɗi matsayinta. Shekarunta talatin da ɗaya, ba ta buƙatar sa hannuna a kowace takarda. Amma ta ce ba za ta amsa musu ba sai ta ji daga bakina. Na ce zan yi tunani.

Shekara talatin da huɗu na yi ina gwada ruwan sha a ɗakin gwaji, aikin kuwa ya saba mini da rubuta lokaci kusa da kowane abu. Shi ya sa ranar Talata, ashirin da ɗaya ga wata, take nan a kaina daki-daki.

Ƙarfe shida da rabi na safe na ji muryar mahaifiyarta daga ɗaki.

"Aku, ina bargon gadona?"

"Ya tafi aiki, Mama."

"To ki faɗa masa yau ya tashi da wuri. Jiya da zanin teburi na rufa."

Aku muke kiranta tun tana 'yar shekara uku, saboda duk abin da rediyo ya faɗa sai ta maimaita, har da tarin mai karanta labarai. Bargunan gidan kuwa, guda huɗu, sun daɗe da komawa sito, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, inda ta rataye su a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa. A nan take ɗaukar darussanta. Sana'arta koyar da Sifaniyanci ga masu jin Turanci, ta intanet: darasin murya ɗaya kowane mako, minti ashirin da 'yan kai. Ɗalibanta sun ɗan haura ɗari biyu, a warwatse cikin duniya, ba ta taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Yawancinsu sun wuce shekara hamsin.

Bakwai da kwata muka zauna karyawa. Hannunta ɗaya riƙe da burodi, ɗayan a kan waya. Tana da doka: saƙon ɗalibi ba ya kwana. Ko tambayar shirme ce, ko an yi ta sau goma, a ranar za ta amsa. Ran nan goma sha ɗaya ta amsa kafin shayinta ya huce. Na sani ne domin a fili take ƙirgawa, don ta tsokane ni.

"Goma sha ɗaya, Baba. Kai fa, nawa?"

"Ni ba a rubuto mini ba."

"An dai tambaye ka," in ji mahaifiyarta, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ni da na tambaye shi zancen fentin falo, sai da bangon ya gaji ya ba da amsa da kansa."

Gaskiya suka faɗa. A wurin aikinmu, in ka ɗebo ruwa, sai ya kwana biyu a ɗumi kafin ka ce mai kyau ne ko marar kyau. Wanda ya yi gaggawar cewa a sha yana iya kwantar da unguwa guda. Wannan halin na kwaso na kawo gida, inda ba kowane abu ne ke buƙatar kwana biyu ba.

Daga takwas zuwa goma da rabi tana teburin falo tana rubutu a kan ƙananan katuna, tambaya ɗaya a kowane kati. Darasi na arba'in da takwas ne, a kan kalmomin ba da amsa. Ta karanta mini su uku. Contestar, ta ce, shi ne na yau da kullum: amsa waya, amsa tambaya, amsa wasiƙa. Responder ɗan'uwansa ne, sai dai ya fi son sa takalmi da hula, kuma da shi ake tsaya wa mutum, a ce ni na lamunce shi. Masu jin Turanci suna manne masa saboda ya yi kama da kalmarsu, sai ka ji tsoho yana yi wa jikarsa magana kamar takardar ofis.

"Na ukun fa?"

"Replicar. Wannan na Mama ne. Mayar da magana tun kafin ka rufe baki."

"Ina jinku," in ji mahaifiyarta daga kicin.

"Ka gani?"

Ƙarfe goma sha ɗaya daidai injin kafintan da ke maƙwabtaka da mu ya yi shiru. Sun yi yarjejeniya da ita tun bara: kowace Talata yana kashe shi minti arba'in, ya tafi shan shayi. Muka shiga sito. Ita a kan kujera 'yar tsugunno, makirufo a gabanta, ni a kan kujerar naɗewa, gwiwoyinmu suna kusan haɗuwa. Ta miƙo mini cokalin shayi.

Ga aikina a wurin. Za ta yi tambaya da Sifaniyanci, ta tsaya. Ni kuma cokalin yana kwance a kan gwiwata, ina harhaɗa amsar a cikin kaina, ba sauti. In na gama sai in ɗaga cokalin, sannan ta faɗi amsar da ta dace. Shirun da ke tsakani shi ne lokacin da ɗalibi zai amsa a can inda yake, a kicin ɗinsa ko a motarsa. Wato duk shirun da ke cikin darussanta tsawon tunanina ne. Da farko yatsa nake ɗagawa, amma gaɓata tana ƙara, makirufo yana kamawa. Cokali ba ya ƙara, kuma yana ƙyalli a ɗan hasken da ke ɗakin.

Kusan shekara guda da ta wuce ta ɗauke ni wannan aikin, bayan na yi ritaya. Ta ce sauran malamai sakan uku suke bari, tsofaffin ɗalibai suna kukan cewa kafin su buɗe baki malami ya riga ya amsa wa kansa.

"Baba, a duk faɗin garin nan babu mai jinkirinka. Asara ce a bar shi haka kawai."

Da haka na koyi Sifaniyancin da na iya, wanda ba shi da yawa. Shiruna yakan kama daga sakan biyar zuwa goma sha huɗu, gwargwadon wuyar tambayar da kuma yadda na kwana.

Ran nan tambaya ashirin da biyu ta yi. ¿Quién contesta el teléfono en tu casa? Wa ke amsa waya a gidanku? Na ɗaga cokali. ¿Ya respondiste a la carta del médico? Ka amsa wasiƙar likita? Na daɗe kaɗan, na ɗaga. Da katunan suka ƙare sai ta kife su a cinyarta, ba ta kashe na'urar ba, ta dube ni.

"¿Cuándo me vas a contestar?"

Yaushe za ka ba ni amsa? Babu kalmar da ban gane ba a ciki.

Cokalin ya zauna a gwiwata. Amsar tana wurina tun ranar huɗu ga wata: ta je. Amma na so in san yadda ake duba marar lafiya a can, da nisan masauki daga makaranta, da tsananin sanyinsu. Na rubuta abubuwa bakwai a takarda, na binciko biyar, saura biyu. Akwai kuma na takwas da ban rubuta ba, wato kujerar naɗewar da nake zaune a kai. Ban san me zan riƙa yi da ƙarfe goma sha ɗayan Talata ba.

A ƙarshe na ɗaga cokalin, don na san lokacin kafinta ya kusa cika. Ta matsa kusa da makirufo, ta yi muryar malanta, a hankali, kalma-kalma:

"Te contesto mañana."

Gobe zan ba ki amsa. Ta kashe na'urar, ta yi dariya har bargo ɗaya ya zame daga ƙusa ya rufe mata kai.

"Wannan zan yanke shi," ta ce daga ƙarƙashin bargon. "Ko kuma in bar shi, duniya ta san halinka."

Sauran ranar ba ta da yawa. Ƙarfe ɗaya muka ci abinci. Biyu da rabi ta fita kai takalminta gyara, ta dawo da batir da lemo shida. Huɗu da rabi ta ce kanta yana ɗan ciwo, ta sha magani, ta ce zafin sito ne. Shida da minti goma yayanta ya bugo waya, suka yi ta musu a kan wanda zai kai mahaifiyarsu wurin likitan ido. Takwas saura ta leƙo falo ta ce, "Baba, sai da safe. Mañana," tana ɗaga mini gira. Na ce Allah ya tashe mu lafiya.

Ran Laraba, bakwai da minti biyar, kofi ya faɗi daga hannunta a kicin. Takwas saura minti ashirin muna asibiti. Jijiyar jini ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na gani da idona, kuma na san abin da nake kallo. Ba ta farfaɗo ba. Ta cika ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ba zan ce na yi niyyar faɗa mata a ranar ba. Juma'a na tsayar.

Masu zuwa ta'aziyya sun yi ta tambayar wane aiki take yi, in na faɗa sai su gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma ba ya son ya wahalar da mai makoki. Bari in faɗa a nan.

Ba Sifaniyanci ta nema a jami'a ba. Faransanci ta so, ta iske ajin ya cika, aka tura ta ɗaki na gaba inda ɗalibai tara suke zaune da wata malama mai fama da mura. Ta ce za ta yi mako biyu kafin gurbi ya samu. Shekara huɗu ta yi, sannan ta sami tallafin shekara guda a ƙasar da ake jin harshen. Ta dawo da akwatin littattafai da ɗabi'ar magana da hannu, wadda mahaifiyarta ta ce za ta fasa mana kwanuka.

Aikin da ta fara samu na amsa kiran waya ne a wani kamfani. Mutum arba'in a zaure ɗaya, kowa da abin ji a kunne, agogo yana ƙirga musu a fuskar kwamfuta. In shiru ya wuce sakan huɗu a cikin kira, sai a yi maka jan layi. Tsofaffi ne suke ja mata jan layin, domin takan jira su nemo gilashinsu, su nemo takardar, su tuna abin da ya sa suka kira. Wata goma sha tara ta yi. Ranar da ta ajiye aikin ta shigo gida ta ce, "Mama, an kore ni kafin su kore ni," ta ci abinci faranti biyu.

Ta fara darussan da ɗalibai shida. Ba mai haƙuri ba ce a komai. Ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, ba ta iya bin layi ba tare da ta yi wa na gabanta hira ba, littattafai da yawa ta fara karanta su daga shafin ƙarshe. Ɗakinta kullum kamar an yi sata. Kalmar sirrin kwamfutarta ta manta sau uku, har ta rubuta ta da fensir a bayan ƙofar sito. Amma in mutum yana neman kalma a bakinsa, za ta jira shi har rana ta faɗi, ba za ta taya shi ba. Ta ce taya mutum ƙarasa magana kamar ƙwace masa cokali ne yana cikin cin abinci.

Ranar ashirin da takwas ga wata, bayan gida ya yi sauƙin mutane, mahaifiyarta ta kawo kwamfutar ta ajiye a gabana.

"Wayarta tana ta ƙara a aljihun tebur, na kasa jurewa na kashe. Mutanen nan ba su sani ba. Kai ka iya harshen."

Na je bayan ƙofar sito na kwafo kalmar sirrin. Saƙo sittin da uku ne ba a buɗe ba. Akwai na makarantar, cikin ladabi, suna tuna mata cewa ranar talatin da ɗaya ce ta ƙarshe. A wurin saƙonnin da aka rubuta ba a aika ba na sami amsarta gare su, layi uku, ɗauke da kwanan watan huɗu ga wata. Kalmar farko Sí, wato eh. Kwana goma sha takwas tana zaune a wurin, tana jiran bakina.

Akwai kuma saƙo uku daga mutum ɗaya, wani direban bas ɗan shekara sittin da uku. Na san labarinsa, takan ba mu a wurin karyawa. Ɗansa ya yi aure a wata ƙasa da ake jin harshen, jikarsa 'yar shekara shida ba ta jin komai sai Sifaniyanci. Takan aiko masa da saƙon murya, shi kuma ya mayar mata da hoton babban yatsa, don bai san abin da zai ce ba. Saboda shi 'yata ta tsara darasi na arba'in da takwas, domin ranar goma sha biyu ga wata mai kamawa zai tafi ganin yarinyar karo na farko. Profe ɗalibanta suke ce mata, wato malama. Saƙonsa na farko: Profe, darasin bai iso ba. Na biyu: Profe, ko lafiya? Ba halinki ba ne. Na ukun kalma ɗaya ce da alamar tambaya.

Na buɗe sabon shafi na rubuta, "Ina baƙin cikin sanar da ku." Na goge. A kwana biyu na rubuta tara, babu wanda ya yi mini. Wani ya yi sanyi da yawa, wani ya yi tsawo, wani kuma ban tabbata da nahawunsa ba.

Ranar talatin da hantsi yayanta ya zo. Shi mai tace sauti ne a gidan rediyo, shekara goma yana yi. Tun ranar da muka buɗe kwamfutar ya kwafi darasin ƙarshen ya tafi da shi, ya ce zai gyara a fitar wa ɗalibanta. Idanunsa sun nuna ya sha aiki.

"Baba, na gama. Na cire ƙarar kujera, na cire numfashi, na daidaita wuraren da ta tsaya. Wani wurin sakan shida, wani sha uku, ba tsari. Duk na mayar da su uku-uku. Daga minti ashirin da shida ya dawo sha tara. Akwai ma wani wuri a ƙarshe da ta manta na'urar a kunne."

Ba laifinsa ba ne. A wurin aikinsa shirun sakan huɗu yana nufin tashar ta ɗauke, sai mutane su fara murɗa rediyo. Ita kuwa ba ta taɓa barinsa ya taɓa mata aiki ba, takan ce, "Yaya, hannunka da almakashi aka haife shi." Ranar Talata yana ofis, bai taɓa ganin abin da muke yi a sito ba.

Ya kunna. Muryarta ta fito tas, ta fi yadda na taɓa jinta kyau. Ta tambayi wa ke amsa waya a gidanku. Ban ankara ba na ji leɓɓana sun fara motsi. Ina kan kalma ta biyu ta ba da amsa ta wuce. Tambaya ta biyu ma haka. A ta biyar na daina ƙoƙari. Ban taɓa jin ta bar ni a baya ba sai ran nan.

"Na asalin yana nan?"

"Yana nan. Amma Baba, ɗanye ne."

"Kunna shi."

Mahaifiyarta ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu. Muka saurara tun daga farko. Ga ƙarar kujerata, ga wata mota can nesa. Kowace tambaya ta jira ni, na kuwa iso. Na tashi na ɗauko cokali a kan tire na nuna wa yayanta yadda muke yi. Ya dubi cokalin, ya dubi layukan sautin da ke fuskar kwamfutarsa, inda shirun yake kwance kamar zare.

"Wato duk wannan kai ne?"

"Ni ne."

"Na yi kwana biyu ina yanke ka, ashe."

"Ba kai ka fara sha'awar yin haka ba," in ji mahaifiyarsa.

Muka iso tambayar ƙarshe. Na sa ido a kan agogon hannuna. Sakan arba'in da ɗaya. A cikin sito na zaci goma sha biyar ne. Ba komai a ciki sai numfashin mutum biyu, da wani wuri da ta ɗan ja hanci tana danne dariya. Sannan muryar malanta: Te contesto mañana.

Mahaifiyarta ba ta jin harshen, amma mañana ta daɗe da zama 'yar gida.

"Me ta tambaye ka?"

Na faɗa mata.

Ta naɗe tsumman ta ajiye a hannun kujera, ta daidaita gefensa. "Ni tun ranar uku na ce mata ta je. Ta ce ta sani, na Baba take jira." Ta ɗago ta dube ni. "Ba zan ce maka komai a kan wannan ba, Malam, tsakaninka da ita ne. Amma mutum sittin da ɗaya suna tsaye a ƙofa. Su ma sai gobe?"

Ban ce zan yi tunani ba. Na jawo kwamfutar, ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin.

Direban na fara rubuta wa, da Turanci, layi huɗu. Na ce ni mahaifinta ne, ta rasu ranar ashirin da biyu ba tare da doguwar jinya ba, darasin da ta yi dominsa yana nan zai iso yau, kuma shirun da yake ji a darussan ni ne, don haka ya yi haƙuri da tsawonsa. Ban sake karantawa ba na aika. Daga baya na ga kuskure biyu a ciki.

Na biyu makarantar. Ban aika nata ba, don ba ni da ikon aika magana da sunanta. Na rubuta nawa. Na sanar da su rasuwarta, sannan na ƙara layi ɗaya: ta so ta zo, ta rubuta amsarta tun ranar huɗu, mu iyayenta mun yarda, jinkirin daga gare ni ne. Wannan layin ba su buƙace shi ba. Ita ce kaɗai takardar da amsata take a rubuce, kuma ta isa kwana ɗaya kafin wa'adi.

Sauran hamsin da taran na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasa, don ita ba ta taɓa aika wa mutum biyu amsa iri ɗaya ba. Wata ta tambayi bambancin kalmomi biyu da ban sani ba, na ce ban sani ba. Na gama shida saura kwata.

Sai zancen sakan arba'in da ɗaya. Yayanta ya ce, a hankali, mutane za su zaci wayarsu ce ta lalace, a bar ko da sha biyar. Na ce ita ta ambaci hanya biyu, a yanke ko a bari, ba ta ambaci ragewa ba. Ya cire ƙarar motar kawai, ya fitar da darasin yadda yake.

Ya yi gaskiya. Mutum huɗu sun rubuto cewa ƙarshen darasin ya lalace, na amsa musu a ranar. Wasu sun yi ta'aziyya mai tsawo, wasu ba su sake cewa komai ba, ban kuma riƙe su ba. Direban bai amsa ba sai bayan kwana uku. Murya ya aiko, sakan ashirin, ana jin ƙarar injina a bayansa, da alama a tashar bas yake. Da Sifaniyanci ya yi, yana tsayawa tsakanin kalmomi, da kuskuren da har ni na gane. Ya ce ya yi baƙin ciki. Ya ce jiya ya amsa wa jikarsa da bakinsa, ta yi masa dariya, ta gyara masa kalma ɗaya. Sannan ya tambaya ko ni ma ina da jika. Na amsa masa kafin in ajiye wayar.

Kayanta ba su da yawa. Tufafin mahaifiyarta ta raba wa 'yan'uwa, ta riƙe gyale ɗaya. Littattafan, akwati uku, na kai sashen harsuna na jami'ar da ta yi, na roƙi a ajiye su a ɗakin da ba ya cika. Makirufo da na'urar suna wurin yayanta, shi ne kuma yake kula da darussan arba'in da takwas don kada su ɓace daga intanet. Ya yi mini alkawari ba zai taɓa su da almakashi ba. Takalmin da ta kai gyara na je na karɓo, mai gyaran ya tambaye ni ita, na faɗa masa a tsaye a wurin. Kafinta ya ci gaba da kashe injinsa ƙarfe goma sha ɗayan Talata har mako uku, sai da na je na ce masa ya daina. Barguna uku sun koma kan gadaje. Na huɗun, wanda ya zame mata a ka, mahaifiyarta ta ce a bar shi a ƙusarsa, ba ta faɗi dalili ba, ban tambaya ba. Takardata mai abubuwa bakwai na yaga. Rubutun fensir yana nan a bayan ƙofa.

Cokalin na mayar da shi aljihun kicin, cikin 'yan'uwansa guda goma sha ɗaya. Iri ɗaya ne dukansu. Yanzu ban san wanne ne ba, da su duka muke shan shayi.